Kwana uku a baje kolin NAMM: fiyano ba iyaka, amma ban ji goge ba

Tun ana saura mako biyu in tashi Auta ya turo mini jerin kayan ta WhatsApp: fiyano ɗaya, makirfo biyu, saun-kad, sai sifikun situdiyo in kuɗi sun kai. A ƙasa ya ƙara da cewa, "Yaya, don Allah ka taɓa da hannunka ka ji da kunnenka, kar ka biye wa 'yan YouTube." Shi ke riƙe da ɗan situdiyon da na baro masa a wajen Zoo Road a Kano, inda na yi shekaru ina kaɗa fiyano kafin abinci ya kawo ni Houston. A nan Amurka aikina daban ne, sai dai ranakun Asabar in ana biki ko suna a cikin 'yan uwanmu 'yan Najeriya, ni ake kira in haɗa sauti. Don haka da na shirya zuwa baje kolin NAMM na watan Janairun 2025, ba yawon buɗe ido ya kai ni ba. Saƙo aka ba ni, kuma akwai abin da ni kaina na daɗe ina son gani.

Ga wanda bai san shi ba, NAMM ƙungiya ce ta 'yan kasuwar kayan kiɗa ta Amurka, an kafa ta tun 1901. Duk shekara takan tara masu ƙera kaya da dillalai da makaɗa da injiniyoyin sauti a babban zauren taro na birnin Anaheim a jihar Kalifoniya, daura da wurin wasan nan na Disneyland. A 2020, gab da korona, mutum sama da 115,000 suka halarta. Annoba ta zo ta rikita lissafi: a 2021 ta intanet aka yi, a 2022 aka kai shi Yuni, a 2023 Afrilu, sai a 2024 ya koma Janairunsa. Wanda na je ya tara sama da mutum 60,000, kuma tsofaffin zuwa sai cewa suke yi ai yanzu an samu sarari. Ni dai da ban ga na da ba, wannan ɗin ma ya cika mini ido, don ko a Kantin Kwari ana gobe Sallah ban ga kafaɗa na gogar kafaɗa haka ba.

A filin jirgin Los Anjeles na sauka ranar Laraba, lokacin ba a ma gama kashe gobarar dajin da ta cinye unguwanni a can ba, kowa maganarta yake yi. Daga nan zuwa Anaheim na fi awa ɗaya a mota saboda cunkoso. Mai niyyar zuwa ya nemi jirgin da ke sauka a filin John Wayne, ya fi kusa nesa ba kusa ba. Rajista ta intanet ake yi tun daga gida, in ka iso ka nuna katin shaidarka a ba ka bajon da za ka rataya a wuya. Otal-otal ɗin da ke kewaye da zauren suna cika tun da wuri kuma kuɗinsu na tashi a makon, shi ya sa na kama ɗaki can nesa kaɗan. Yanayin garin kamar Kano da hunturu, rana mai daɗi da yini, sanyi da dare, ƙura ce kawai babu.

Kafin ido ya ga komai, kunne ne ya fara shan aiki. Ka ɗauka an tara makaɗan duniya an ce kowa ya gwada kayansa a lokaci guda: can wani na dukan ganga, nan wani na kaɗa jita, gaba kaɗan mutum goma na busa, kowa da tasa waƙar. Akwai doka cewa kada rumfa ta wuce desibel 85, har da ma'aikata masu zagayawa da na'urar awo suna jan kunne, amma ɗaruruwan rumfuna in kowace ta tsaya daidai kan iyakarta, haɗuwarsu ta isa ta gajiyar da mutum. Kafin azahar kaina ya fara sarawa. Wani dattijo mai gyaran fiyano da muka haɗu a layin shan ruwa ya ciro 'yan robobin toshe kunne daga aljihu ya miƙo mini, ya ce bai taɓa shigowa nan babu su ba. Duk wanda abincinsa ya rataya a kan kunnensa, wannan ne abu na farko da zai sa a jaka. Na biyu takalmi mai taushi.

Akwai abin da gara in faɗa da wuri, don na san abin da ke zuwa mana a rai in an ce baje koli. Wannan ba irin na Kaduna ko na Kano ba ne, inda za ka yi ciniki ka biya a ɗaure maka kaya ka kai mota. Yawancin manyan rumfunan ba sa sayar wa mutum ɗaya. Kayan na nuni ne, cinikin kuma tsakanin kamfani da dillali ake ƙulla shi, a 'yan ɗakunan da aka keɓe a bayan rumfa, ana maganar kwantena da odar shekara. Kai naka ka taɓa, ka saurara, ka yi tambaya, ka karɓi kati. Da farko jikina ya ɗan yi sanyi, ga kuɗin Auta zaune a asusuna. Daga baya na ga alherin abin. Tunda ba mai neman karɓar kuɗina a ranar, ba wanda ya matsa mini, kuma da yawa daga cikin masu tsayuwa a rumfunan ba 'yan talla ba ne, su ne suka zana kayan da hannunsu.

Wajen fiyano na ƙarar da kusan duk ranar Alhamis. Mu da muka tashi a situdiyoyin Kano, Yamaha PSR ce makarantarmu. A kanta muka koyi haɗa kiɗa, a kanta aka yi waƙoƙin fina-finai ba adadi, mutum ɗaya da yatsu goma ya tsaya a madadin ayarin makaɗa. Shi ya sa da na hau bene na shiga babban ɗakin Yamaha sai na ji kamar na zo gaida dangi. Na zauna gaban PSR-SX920, wadda ta fito a 2024, na sa abin ji a kunne, hayaniyar duniya ta ɗauke. Hannuna bai yi baƙunta ba ko kaɗan. Maɓallan salo da na cike gurbi suna inda na san su, sai dai yanzu ga allon taɓawa a tsakiya, ga sauti mai tsabta da da can sai dai mu ji a kaset ɗin waje. Kusa da ita ga babbar yayarta, Genos2, mai maɓalli 76. Ba zan ɓoye ba, ta fi ta. In ka danna jita sai ka ji har da ɗan karcen yatsa a kan waya, in ka danna busa sai ka ji numfashin mai busawa. Amma kuɗinta ya haura dala 5,000, a lokacin da dala ke sama da naira 1,500, wato sama da miliyan bakwai da rabi kafin kuɗin dako da na kwastan. SX920 kuwa ba ta kai rabin haka ba. Waƙar da Auta ke haɗawa murya ce a gaba, kuma a lasifikar waya ake jin ta, ko a cikin adaidaita sahu, ko a filin biki da janareta na ruri a gefe. Wancan karcen yatsan ba zai iso kunnen kowa ba a irin waɗannan wurare.

Na kuma daɗe a kan Pa5X ta Korg, kuma gangunanta sun fi shiga raina, suna da nauyi da kauri irin wanda ke motsa 'yan rawa. Mai neman fiyanon zuwa wasa a fili ya gwada ta kafin ya yanke shawara. A nan Korg ta dawo da Kronos, Roland ta fito da V-Stage, Nord ta kawo jar fiyanonta Piano 6, mutane na layi a kansu. Na taɓa kowace na wuce. Kaya ne masu kyau na wanda ke cikin cikakken ayari, ga mai ganga ga mai jita. Ba su ne aikinmu ba.

Wajen sha ɗaya na safe na kira Auta ta bidiyo, lokacin ƙarfe takwas na dare a Kano, yana situdiyo da wasu yara biyu masu jiran a ɗauki muryarsu. Na juya masa waya yana kallon allon, ina danna sautuka yana gyaɗa kai. Can sai ya ce, "Yaya, nemo mini algaita." Na duba, babu. Ya ce to goge. Na shiga jerin masu tsarkiya daga sama har ƙasa. Kuntigi fa? Gurmi? Kotso? Muka yi dariya a lokacin, amma da na kashe wayar sai tambayar ta zauna mini a rai, na bi rumfa bayan rumfa, kamfani bayan kamfani, duk fiyanon da na zauna a gabansa sai na nemi waɗannan sunaye. Akwai fakitin sautuka masu sunan Afirka da ake saukewa a ƙara, na kuma saurari wasu. Za ka ji jembe, ka ji salon Kongo, na Afirka ta Kudu, na Legas. Namu na ƙasar Hausa ban ci karo da shi ba.

Abin yana da tarihi, kuma a wannan baje kolin tarihin ya faro. A watan Janairun 1983, a taron NAMM, aka fara nuna MIDI, wato yaren da kayan kiɗa na lantarki ke magana da juna da shi, lokacin da aka jona fiyano biyu na kamfanoni daban-daban, Prophet-600 ta Dave Smith da Jupiter-6 ta Roland, aka danna ɗaya ɗayar ta amsa. Duk fiyanon da ke jone da kwamfuta a situdiyon Kano ko Jos ko Maraɗi a yau, da wannan yaren yake aiki. A 1991 aka tsayar da jerin sautuka 128 da ake kira General MIDI, don kowace fiyano ta zo da su a lamba ɗaya. A ciki aka ware gurbi takwas na kayan gargajiyar ƙasashe: sitar da shanai na Indiya, koto da shamisen na Japan, banjo, fidil, busar nan ta jakar iska ta mutanen Sikotlan, sai kalimba. Da waɗannan muka yi ta maneji. In muna son algaita mu danna shanai, in muna son goge mu ɗauko biyolin mu riƙa murɗa ɗan wilin da ke gefen hagu don sautin ya lanƙwasa. In ana cewa kiɗan fim ɗin Hausa ya yi kama da na Indiya, akan ɗora abin duka a kan son finafinan Indiya da muke yi, kuma da gaskiya a ciki. Amma ni da na zauna a gaban na'urar na san akwai wani dalilin: abin da ke cikin akwatin shi yatsa ke samu.

Kuma ba wai kamfanonin ba sa kula da yankuna ba ne. Yamaha na da PSR-A5000 ta Larabawa da Turkawa da Iraniyawa, mai jerin maɓallai na musamman da ke sauke sauti da rubu'i don ya dace da maƙamansu. Tana da PSR-I500 ta Indiya, cike da tabla da sitar. Korg ma na da nata na Gabas ta Tsakiya. Waɗannan mutane suna da kasuwa, muna da ita. Suna da makaɗa, muna da su. To me ya bambanta mu? Sai ranar Juma'a na samu amsar.

Da safe na shiga ɓangaren ganguna, robobina a kunne. A wata rumfa, tsakanin jembe da konga, na hango ta rataye: ganga mai siririn ƙugu, igiyoyi daga baki zuwa baki. Ta fi kama da gangan ta Yarbawa ko dondo ta Gana, amma dai 'yar gidan su kalangu ce. Fatarta ta roba ce, igiyoyin na nailan. Saurayin da ke rumfar ya ɗauko ta ya ɗora a cinya yana bugawa da tafin hannu. Na ce ya ba ni. Na rataya ta a kafaɗa, na sa ta a hammata, na karɓi lanƙwasasshen makaɗin. Ni ba makaɗin kalangu ba ne, amma na tashi kusa da mahauta, kuma kalangu kiɗansu ne. Duk yaron unguwarmu ya san yadda ake matse igiya sauti ya hau, a saki ya sauka. Na matsa, na saki, na kaɗa "sannu da zuwa" yadda ake yi wa baƙo. Mutane suka fara tsayawa. Saurayin ya tambaye ni wane salo ne wannan, na ce masa ba salo ba ne, magana ce, harshenmu yana hawa yana sauka kuma gangar tana bin sa. Ya ce shekara biyu yana nuna ta bai san ana sa ta a hammata ba.

Gangar kanta an yi ta da kyau, ba ruwanta da damina ko rani, ba za ta saki ba, ba za ta fashe da wuri ba. Ga makaranta ko mai koyo ta yi. Amma igiyar ta yi tauri, sai ka matsa da ƙarfi kafin sauti ya motsa, kuma tazarar da ke tsakanin samanta da ƙasanta ƙanƙanuwa ce. Kalangun fatar ɗan akuya a hannun gwani yakan yi kirari, ya yi habaici, ya kira sunan mutum har ya waiwayo. Wannan gaisuwa kawai ta iya.

Na fita sallar Juma'a a babban masallacin Garden Grove, 'yan mintuna a mota, cike da Larabawa da 'yan Pakistan da 'yan Afirka. Daga nan na biya titin Brookhurst, unguwar da ake kira Little Arabia, na ci shawarma da shinkafa na halal har na ƙoshi, a kuɗin da bai kai abin da na kashe ranar Alhamis a motocin abinci na harabar zauren ba. Musulmin da zai je ya riƙe sunan titin nan. Sauran salloli kuwa, na samu lungu mai shiru a hawa na sama na shimfiɗa 'yar dardumata, ba wanda ya dame ni.

Da na dawo na nufi ɓangaren manhajoji, na tsaya a wata 'yar rumfa ta masu haɗa taskar sautuka, irin waɗanda ke ɗaukar sautin kayan kiɗa na gaske su zuba a kwamfuta. Wata injiniya ce a wurin, ita kaɗai, ba layi. Na ciro waya na kunna mata wani ɗan bidiyon mai goge da aka ɗauka a bikin ƙanwarmu. Ta sa abin ji, ta saurara har ƙarshe, ta ce a maimaita. Ta tambayi da me aka yi shi, na ce ƙwarya ce aka rufe da fatar guza, tsarkiya ɗaya ta izgar doki, abin gogawar ma izga. Sai ta ce, wa ya taɓa ɗaukar sautinsa ɗaya bayan ɗaya? Na ce ban san kowa ba. Ta ce to shi ke nan dalilin. Kamfani ba ya ƙirƙiro sautin kayan da bai taɓa riƙewa ba. Na Larabawa da na Indiya da nake gani, da makaɗan can da injiniyoyin can aka zauna aka ɗauka.

Ta ɗauko takarda ta zana mini yadda ake yi, kuma wannan rabin awar ta fi mini duk sauran kwanakin. A samu ɗaki marar amsa kuwwa. A saita ingancin ɗaukar sautin a bit 24, kilohaz 48. Kowane sauti a ɗauke shi a hankali, a ɗauke shi tsaka-tsaki, a ɗauke shi da ƙarfi, kuma kowanne sau uku ko huɗu, don in ana maimaita shi kada ya fito iri ɗaya sak kamar na inji. Ga goge, a ɗauki har da zamewar da yatsa ke yi daga wannan sauti zuwa wancan, don a nan ransa yake. Ga kalangu, a ɗauki bugu a sake, bugu a matse, da bugun da ake matsawa bayan makaɗi ya sauka. Sai a yanka, a jera su a kan maɓallai a manhaja irin Kontakt, ko Decent Sampler da ake samu kyauta, ko a zuba su cikin fiyanon kanta ta manhajar da kamfanin ya tanada don haka. Ta kuma ja kunnena a kan abu ɗaya da na ji daɗin fitowarsa daga bakinta: a rubuta yarjejeniya da makaɗin, a biya shi, a sa sunansa, in an sayar ya samu rabonsa. Na tuna dattawan da ke yawo da gogensu gidan biki ana ba su abin da bai taka kara ya karya ba, alhali abin da ke yatsunsu babu shi a duk faɗin zauren nan.

Kusa da nan na gwada irin sababbin fiyanon da maɓallansu ke jin motsin yatsa bayan an danna, dangin Seaboard da Osmose. Ka danna ka karkata yatsa sauti ya zame, ka ƙara nauyi ya ƙara ƙarfi, kowane yatsa da nasa. Ina taɓawa na ce wannan ai don goge aka yi shi. Ranar da aka samu sautin goge na gaske aka ɗora a kan irin wannan, mai fiyano zai daina wahalar murɗa wili.

Sauran saƙon Auta ranar Asabar na yi shi, a sabon ginin da ke arewa inda kayan situdiyo suka fi yawa. Shure, kamfanin ƙera makirfo, na cika shekara 100 a shekarar, don a 1925 aka kafa shi a Chicago, kuma a lokacin makirfonsa SM58 da ta fito a 1966 tana nan a wajen dala 100. Na ɗaga ta asali na jinjina a hannu, wajen giram 300 ce, na tuna waɗanda muka sha saya a kasuwa da wannan suna, marasa nauyi kamar gwangwani, masu kuka da an matso kusa da sifika. Jabu ya yi mana yawa, kuma maganinsa ɗaya ne, a saya wurin dillalin da kamfani ya amince da shi ko da ya fi tsada. Na kuma tsaya gaban makirfo U87 ta kamfanin Neumann, wadda tun 1967 ake ji da ita, kuɗinta sama da dala 3,000. Na yi magana a cikinta, na yi a cikin wata ta dala 100, kuma gaskiya a cikin wannan hayaniya ba kunnen da zai yi hukunci na adalci. Wannan shi ne raunin baje koli: fiyano kana iya rufe kunne da abin ji ka tantance ta, makirfo da sifika kuwa sai ɗaki mai shiru. Wani mai sayar da allunan tsotse sauti ya ce mini makirfo mai tsada a ɗaki mai amsa kuwwa, kuwwar kawai za ta ƙara fitowa fili. Na nuna masa hoton ɗakinmu da kiret ɗin ƙwai manne a bango, ya girgiza kai ya ce ba abin da suke tarewa, gara katifa mai kauri a kusurwoyi. Nan take na soke makirfo mai tsada daga jerin, na mayar da kuɗin kan gyaran ɗaki.

Kowace rumfa na je da tambayoyi uku, kuma ina ba duk ɗan ƙasarmu shawarar ya riƙe su. Ta farko wuta. Amurka na kan bolt 120, mu muna kan 230. Na taɓa aika wa Auta mikisa ban duba bayanta ba, yana jonawa ta yi hayaƙi, kuɗin wata guda ya tafi a daƙiƙa ɗaya. Yanzu sai na juya kaya na ga an rubuta 100 zuwa 240 kafin in ƙara magana. Ta biyu zafi da ƙura: yana da fanka a ciki, ana iya buɗewa a share, zai jure ɗakin da ba iyakwandishan a watan Afrilu? Ta uku, kuna da dillali a Najeriya, in allo ya mutu ina za a samu wani? Wasu sun amsa tiryan-tiryan har da ba ni lambar wakilinsu na Afirka ta Yamma. Wasu kuwa sai kallon bajona suke yi, da suka ga ba sunan babban shago a jiki suka juya ga na bayana. Akwai rumfar da na tsaya minti goma ba wanda ya ce mini ci kanka. Hakan ya yi mini ciwo, amma kaɗan ne a cikin masu yawa. Na kuma fahimci garantin kayan da aka saya a Amurka sau da yawa ba ya bin su ƙetare, don haka fiyanon ma na ce wa Auta a gida za mu saya wurin dillali, ba zan ɗauko ta a jirgi ba.

Can gefe akwai layukan ƙananan rumfuna, yawancinsu na masana'antun Chaina, masu wayoyi da sandunan makirfo da jakunkuna da sifiku marasa suna. Su kam a shirye suke su yi magana da kowa, tambayarsu ɗaya, guda nawa kake so. Ɗan kasuwar da ke son cika shago a Sabon Gari ko Alaba, a nan zai samu abokan hulɗa, ko da yake in don wannan ne kawai, baje kolin Music China da ake yi a Shanghai a watan Oktoba ya fi masa kusa da masana'anta, ga shi hanyar Chaina 'yan kasuwarmu sun riga sun san ta.

To ya cancanci kuɗin jirgi da otal da wahalar biza? Ga wanda ke son sayen fiyano ɗaya ya koma gida, a'a, ya je wurin dillali a Legas ko Abuja ya gwada. Ga mai situdiyo, ko malamin kiɗa, ko injiniyan sauti da ke zaune a Amurka ko yake da halin zuwa, e, ko sau ɗaya ne. Ya ware kwana uku, ya rubuta tambayoyinsa tun daga gida, ya fi ba ƙananan rumfuna lokaci a kan manya, ya kuma zo da sautin kayan gida a wayarsa. Na ga yadda bidiyon minti ɗaya ya buɗe mini bakin mutanen da katin kasuwanci bai buɗe ba.

Daren Asabar ina haɗa jaka, ƙafafuna sun kumbura, kunnena na ɗan ƙara, na ɗauki hoton takardar da injiniyar ta zana na tura wa Auta. Asuba ta yi a Kano, na ɗauka sai anjima zai gani. Sai ga kiransa. Ya ce ya gane zanen, makirfon SM57 ɗin da ke situdiyo za ta yi wa kalangu, a ɗan nesa da fata kamar tafin hannu biyu. Ya ce mai gogen bikin ƙanwarmu yana nan da ransa a wajen Ɗambatta, zai hau mota ranar Talata ya same shi, ya ji ko zai yarda ya zo, da nawa zai karɓa. Na ce ya tafi masa da goro da turmin shadda, kuma kada ya fara da maganar kuɗi, ya fara kunna masa bidiyon ya gaya masa inda aka saurare shi. Ya ce, "To Yaya. Amma fa sai ranar da aka kawo wuta za mu ɗauka, janareta zai shiga cikin sautin."